Filin Lafiya: Mai doguwar jinya zai iya horon karensa ya taimake shi

A wannan karo maganarmu bisa kare ta ke. Wani zai ce, me ya gama filin lafiya da kare? Ku biyo mu sannu ku ji.

Duk wanda ya taɓa zuwa cin rani Yamai ya san Bukoki. Unguwa ce babba, dab da kasuwar Katako. Sunanta ma Hausa ne, don waɗanda suka fara zama wurin bukkoki suka kafa. Yau gidajen laka ne da na siminti, da yawa na haya, iyali uku ko huɗu a tsakar gida guda. Mutumin karkara in ciwo ya ƙi jin magani, sau da yawa a irin wannan unguwa ya ke sauka wurin dangi, don ya zauna kusa da likita.

Akwai ciwon da a ke sha mashi magani kwana bakwai ya wuce. Akwai kuma wanda zama a ke yi da shi: ciwon sukari, farfaɗiya, sikila wadda wasu ke kira emasi, da shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke kawowa. Mai irin wannan ciwo wata rana garau ya ke, wata rana ko tashi daga tabarma ba ya iyawa. Gari na wayewa kowa ya fita neman abinci, wannan ya nufi Katako, wannan ya tafi leburanci, wannan ta ɗauki tallarta. Wa zai zauna da marar lafiya? Yaro a ke ajewa, kuma yawanci ɗiya mace ce. A ce ta bar makaranta yau, a ce ta bari gobe, har shekara ta ƙare ba ta iya rubuta sunanta ba. Ku da kuka koyi karatu da girmanku kun san abin da aka raba ta da shi.

Aikin da yarinyar ke yi ba shi da yawa. Ta miƙo magani. Ta miƙo gorar ruwa. In ciwo ya tashi ta ruga ta kira babba. To, wannan miƙowa da wannan kira, kare yana iya koyonsu. Kuma marar lafiyan da kansa zai iya koya mashi yana zaune, in ya auna horon daidai ƙarfin jikinsa.

Abin da aka yi a wasu ƙasashe

A ƙasar Jamus, cikin shekara ta 1916, aka buɗe makarantar horon karnuka a garin Oldenbur, don su ja gorar sojojin da suka makance a yaƙin duniya na farko. A 1928 wani saurayi makaho ɗan Amurka mai suna Moris Frank ya tafi ƙasar Suwis ya karɓo karyar da aka hora. Da ya koma gida, a 1929, aka kafa irin wannan makaranta a Amurka. Daga baya aikin ya wuce makafi, ya kai ga kurame da guragu da masu farfaɗiya da masu sukari. A Amurka akwai dokar naƙasassu ta 1990, kuma a ƙarƙashinta ba a tilasta wa mutum ya sayi kare daga makaranta. In shi ya hore shi da hannunsa, an yarda. Mutane da yawa hakanan su ke yi, don karen makaranta tsada gare shi, kuma jiransa ya kan ɗauki shekaru.

Mu kuwa ba baƙin wannan sana'a ba ne. Makiyayi ya san yadda kare ke kwana bakin garke ya kori dila da kura. Maharbi ya san yadda a ke koya mashi ya kamo zomo bai ci ba. Dogon karen nan na ƙasar Azawak, tun shekarun 1970 Turawa suka fara kai shi ƙasashensu, suna alfahari da shi. Iyawa muna da ita. Aikin ne kawai za a sake.

Me malamai suka ce?

Mun san wannan ita ce tambayar farko a zuciyar mai karatu. An san addini ya yarda da kare don kiwo da tsaron gona da farauta. Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta horarriya ta kamo wa mai ita. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da ya ke an ce a wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Abin da aka ƙi shi ne aje kare a gida babu dalili. Masu sharhin Risala sun kawo labarin mai littafin da kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 996. Katangar gidansa ta faɗi, ya ji tsoro, ya aje kare. Da aka tuna mashi Imamu Malik ba ya son haka, ya ba da amsa cewa da Malik ya ga zamaninsu, zaki ma zai aje. A ƙasar Ingila kuwa, a 2008, majalisar malaman shari'a ta yarda wani saurayi makaho na garin Lesta ya je masallaci da karensa. An yi wa karen wurin jira daban, ba ya shiga inda a ke salla.

Mu ba masu fatawa ba ne. Ka je wurin malaminka ka gaya mashi ciwonka da aikin da ka ke son karen ya yi. Bayan malam, sai mai gidan haya da maƙwabta. A tsakar gida irin ta Bukoki, inda tabarmar sallar wani ke kusa da murhun wata, karen da ba a yi shawara ba kafin a kawo shi, faɗa zai kawo. Ka nuna masu inda zai kwana, da kwanonsa shi kaɗai, ka ɗauki alkawarin kwashe kashinsa kullum.

Wane kare?

Ba kowane kare ne zai iya ba. Ko a makarantun Turai, inda a ke zaɓen uwa da uba, karnuka da yawa ba su kai ƙarshen horo. Kada ka duba kyau ko tsawo. Karen Azawak yana son mai shi ƙwarai, amma ba ya sakin jiki da baƙo, kuma in ya ga abu na gudu sai ya bi. Karen gari mai sanyin hali ya fi shi dacewa da gidan haya.

Ga gwaji mai sauƙi. Ka tsuguna ka kira shi, ka ga ko zai zo da kansa. Ka saki kwanon ƙarfe ƙasa kusa da shi. In ya zabura, sa'annan ya dawo yana shinshinar kwanon, alama ce mai kyau. In ya gudu ya ɓuya ya ƙi fitowa, ko ya yi gurnani ya fidda haƙora, ka bar shi. Ka jefa tsumma ka ga ko zai ɗauka da baki. Wanda ke son ɗaukar abu tun farko ya rage maka rabin aiki.

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya yi wata 2. Amma a ganinmu, ga mai jinya, kwikwiyo wahala ne. Yana kukan dare, yana tauna takalma, yana son wasa lokacin da kai kwanciya ka ke so. Kare ɗan shekara guda, wanda ya tashi cikin mutane kuma an san halinsa, ya fi sauƙi. Ka kuma yi lissafin abincinsa. Kare ya kan yi shekara 10 ko fi. Gidan da tuwon dare bai ishi yara ba, kada ya ƙara baki.

Kafin horo, allura. Ciwon haukan kare, in alamunsa suka bayyana ga mutum, ba a warkewa. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce yana kashe wajen mutum 59,000 kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. A kai kare wurin likitan dabbobi a yi mashi rigakafi tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likitan ya ce, a adana takardar. A karɓo maganin tsutsar ciki da na kaska. Ku makiyaya da mahauta, in kun yanka dabba kun ga hanta ko huhu da ƙullutu mai ruwa ciki, kada ku jefa wa kare. Ku binne da zurfi ko ku ƙone. Ta nan wata tsutsa ke shiga kare, daga kashinsa ta shiga mutum. In kuwa kare ya ciji wani, ko naka ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi likita ranar nan.

Yadda a ke horon

Nan ne mai jinya ya kan karaya. Yana jin an ce horo sai ya tuna yadda a ke horon shanun huɗa, da igiya da gumi da wuni cikin rana. Na kare ba haka ya ke ba. Minti 5 ya isa, sau biyu ko uku a yini. Da sanyin safiya, da kuma bayan la'asar, don a zafin bazara na Yamai ko kare ba ya jin kira. Kana zaune bisa tabarma ko kujera, bayanka jingine da bango. Ranar da jiki ya ƙi, a huta. Kare ba ya manta karatun jiya don an yi fashin kwana uku. Abin da ke ɓata shi shi ne ka yi mashi horo kana cikin zafin ciwo, ranka a ɓace, ka daka mashi tsawa. Ka zaɓi lokacin da maganinka ya kama jiki.

Sirrin abin guda ne. Kare yana maimaita abin da ya kawo mashi alheri. Da ya yi daidai, nan take ka ce "Yawwa!" ka miƙa mashi ɗan abinci. Nan take muka ce. In ka jinkirta har ka gama laluben aljihu, ba zai san abin da aka biya shi ba. Ba sai ka sayi wani abu daban ba. Ka ɗebi rabon abincinsa na yini ka yi ƙananan loma, kamar ƙwayar gujiya: ɗan tuwo, ɗan ƙuli-ƙuli, ɗan busasshen kifi da aka cire wa ƙaya. Kada a ba shi albasa, tana lalata mashi jini, ko da ta Galmi ce. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke shi a ciki. Bugu kuwa babu shi sam. Karen da ka ke bugu, ranar da ka faɗi kana shure-shure, gudunka zai yi.

Ka tsaida harshe guda. A Bukoki wannan na Hausa, wannan na Zabarmanci, yara na Faransanci. In kai ka ce "zo", matarka ta ce da wani harshe, kare zai ruɗe. Gida duka su riƙe kalma guda ga aiki guda.

Watan farko da na biyu, tushe kawai. Ya san sunansa. Ya zo in an kira. Ya kwanta in an ce "kwanta". Ya saki abu in an ce "bari". Ya saba da kukan kabu-kabu da amalanke da awakin maƙwabta da yara masu gudu. In ba ka iya fita da shi, ka sa wani babba ya zaga da shi da igiya kowace safiya. Wannan mutum na biyu dole ne. Shi ne zai riƙe karen ranar da aka kwantar da kai a likita.

Sa'annan aikin farko, ɗauko jaka. Ka sa maganinka cikin gwangwani mai murfi, ka sa gwangwanin cikin ƴar jakar fata, ka ɗaura mata tsumma mai kauri. Tsumman ne kare zai kama. Ta haka haƙorinsa ba ya kai ga magani, miyansa kuma ba ya taɓa abin da za ka sa a baki. Ka fara da tsumman kaɗai, a hannunka. Ya shinshina, yawwa, ka biya. In ya gane wannan, ka daina biya sai ya kama da baki. In ya gane, sai ya riƙe ka ƙirga uku. Sa'annan ka aje a ƙasa gabanka ya ɗauka ya ba ka. Sa'annan taki biyu, sa'annan bakin ƙofa. Kada ka ce "jaka" sai ya iya aikin, sa'annan ka liƙa mashi sunan. In ya kasa sau biyu a jere, ka yi sauri ne, ka koma matakin baya. Jakar ta zauna wuri guda kullum, inda bakinsa ke kai amma hannun ƙaramin yaro ba ya kai, ko a ɗaki mai ƙyaure da yara ba su shiga. Mai sukari ya sa ƙwayoyin sukari a ciki, don lokacin da jiki ya ɗauki rawa da gumi. Mai sikila ya koya mashi jawo bargo da gorar roba, don sanyin hunturu da ƙishirwa suna tada ciwon.

Aiki na biyu ya fi na farko girma: kiran mutum. A nemi wanda ba ya barin gida ko kusa da gida, kamar tsohuwar da ke tsakar gida ko mai tebur na ƙofa, in sun yarda. Ku zauna kusa da juna. Ka ce "Je ka kira Inna." Ita ta kira shi. In ya je, ta tashi ta biyo shi zuwa wurinka, kai kuma ka biya shi a nan. Ka lura da wannan. In ita ta biya shi can, zai je ya zauna wurinta ya manta da kai. Ladan na wurinka ne, bayan ya zo da mutum. Kullum a ƙara nisa kaɗan, har ta koma bayan katanga inda ba ya ganinta. Ita kuma duk lokacin da ya zo mata, ta tashi, ko tana tsakiyar daka. In ta kore shi sau uku, karatu ya rushe.

Mai farfaɗiya ba ya iya magana lokacin da abin ya zo. Saboda haka faɗuwar ita ce za ta zama umurni. Ka shimfiɗa tabarma bisa rairayi, ka kwanta kamar ka faɗi, ka motsa ƙafafu, ka ce "Je ka kira Inna." Bayan kwanaki ka riƙa faɗin maganar a hankali, daga baya ka daina faɗi. Ya ga ka faɗi, ya ruga. A yi ta a ɗaki, a yi ta a tsakar gida, da safe da dare, har bayan ya iya a riƙa tuna mashi sau ɗaya a mako. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda aka kira kuma ya san abin yi. Ya janye mutum daga wuta da ruwa. Ya sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa. In jijjigar ta lafa ya juya shi bisa gefe. Kada a sa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ɗura mashi ruwa, kada a danne shi. In abin ya wuce minti 5, a nemi mota zuwa likita. Kuma a daina gudun mai farfaɗiya. Ba a ɗaukarta ta miyau, ba a ɗaukarta ta taɓawa. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma OMS ta ce wajen mutum 7 cikin 10 za su daina faɗuwa in suna shan maganin da ya dace kullum.

Waɗannan ayyuka biyu za su iya cin wata 6, za su iya cin shekara. Kada ka ƙara na uku sai sun zauna.

Abin da kare ba ya yi

Za ku ji labarin hancin kare, kuma gaskiya ne. A 2018 masu bincike na jami'ar Duram ta Ingila sun ba yara ƴan makaranta a ƙasar Gambiya safa suka kwana da ita. Aka kai safar Ingila. Karnuka horarru suka gane safar yara 7 cikin 10 masu ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jini. A 2019 kuma masu bincike na garin Ren a Faransa sun nuna karnuka suna bambanta warin jikin mutum lokacin farfaɗiya da warinsa na kullum. Akwai karnukan da ke tada mai sukari in sukarinsa ya faɗi. Amma 7 cikin 10 na nufin an kuskure 3. Karnukan sukari ma da aka gwada, wani ya iya ƙwarai, wani yana kuskure da yawa. In karenka ya fara damunka kafin ciwo ya tashi, ka lura, ka zauna, ka auna jini in kana da abin awo. Amma kada ka bar awo, kada ka rage magani, kada ka fasa ranar likita don kana da kare.

Kada ka dogara bisa bayansa don ka tashi. Karnukanmu ba su da nauyi, za ka karya shi ku faɗi tare. Sanda ta fi.

Makaho kuma kada ya ce zai hori kare da kansa ya ratsa da shi titin Katako. Wannan aikin gwanaye ne, ya kan ci wajen shekara 2. Karen jagora sai ya iya ƙin umurnin mai shi in ya ga mota tafe, ya auna faɗin lambatu, ya lura da rufin kwano da ke daidai goshin mutum. Kuskure guda a nan rai ne. A cikin gida dai karen makaho zai iya ɗauko mashi sanda da takalmi, ya kira mutum, kamar na kowa. Don tafiya a titi, a nemi ƙungiyar makafi a koyi farar sanda.

A ɗaura wa karen abin wuya mai launi, don yaran unguwa su san yana da mai shi, su daina jifa. Kada a bar shi yawon dare cikin karnukan bola. In za ka likita ko kasuwa, ka bar shi gida wurin mutumin nan na biyu, don ba ko'ina za a bar shi ya shiga ba. Mai garke ko mai gona da ke ƙauye, inda fili ya ke da yawa kuma an saba da kare, abin ya fi mashi sauƙi. Sai dai nisa. In gona ta yi nisa da gida, a fara koya wa kare kiran maƙwabcin gona.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana bisa yadda a ke adana maganin sukari lokacin zafi a gidan da babu lantarki. Wanda ke da tambaya ya ba malamin yaƙi da jahilci na garinsu takarda ya aiko mana.